Turakun Hammadu a Mashigin Geza

Ku yaran yanzu da kuke zama gaban talabijin kuna kallon motoci masu zane-zane suna ta zagaya fili ɗaya, kada ku ɗauka mu ba mu taɓa ganin tseren mota ba. Mun gani, har ni na shiga ciki, kuma namu da gulbi a tsakiyarsa. Sunana Dabo. Na yi shekara ashirin da biyu ina kamasho a tashar Gummi, wato ni ke kiran fasinja, ni ke tsara lodi. Amma ba labarina zan ba ku ba. Labarin wani Bafulatani ne mai suna Hammadu, mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma babu direban da zai tsallake ruwa sai da yardarsa.

A wancan zamani muna cikin jihar Sakkwato. Tsakanin Bukkuyum da Gummi akwai wata gajeriyar hanya da ta ratsa Gulbin Zamfara a wani wuri da muke kira Mashigin Geza. Da damina gulbi ya cika ya batse, sai kwalekwale, mota kuwa sai ta yi dogon zagaye ta ɓata rabin yini. Da kaka idan ruwa ya ja baya har ya dawo iya gwiwa, sai a ce an buɗe mashigi. To, ranar kasuwar Gummi ta farko bayan buɗewar, ranar ake tsere.

Ga yadda ake yi. Motocin ba na wasa ba ne, motocin neman abinci ne, akori-kura irin waɗanda suke jigilar mutane da awaki kullum. Ba a yarda a cire wa mota komai don ta yi sauƙi ba, ko da kujerar gaba ce. Kowace mota za a ɗora mata buhu goma na shinkafa shanshera, wadda ba a cashe ba, sannan kamasho ɗaya ya hau bisa buhunan a matsayin shaida, don kada direba ya zubar da kaya a hanya. Ana jeruwa a gindin wata kuka a bakin garin Bukkuyum, rana na fitowa a busa usur. Wanda ya riga shiga tashar Gummi da buhunansa goma cif, shi ke da layin farko na lodi duk ranar kasuwa har ruwa ya sake sauka. Babu kofi, babu tuta. Amma ku tambayi kowane direba abin da layin farko yake nufi, zai gaya muku ya fi kofi.

Gudu a kan tudu kowa ya iya. A cikin ruwa ake cin tsere, a cikinsa ake faɗuwa. Yashin gulbi ba ya zama wuri ɗaya, inda ya yi tauri bara bana sai ka tarar ya zama tabo mai haɗiye taya. Saboda haka dole a sami wanda zai nemo hanya mai ƙarfi a ƙarƙashin ruwa ya kafa turaku biyu-biyu, mota ta bi tsakaninsu. Wannan shi ne aikin Hammadu, kuma doka ce babu wanda zai kafa ko tsinke a mashigin in ba shi ba.

Dogo ne siriri, ga wuya, ga ƙarancin magana har abin ya kan ba ni haushi. A rugar da ke bayan kurmin gezar da ke bakin mashigin aka haife shi, a nan ya tashi yana tsallakar da shanun ubansa. Ba wanda ya naɗa shi. Wata shekara ce wata babbar mota ta kafe kwana uku a ruwa, shi kuwa yana wucewa da garkensa safe da yamma ko kofato bai nutse ba, sai direbobi suka ce to, mu bi bayan wannan. Dabararsa ba ta wuce ɗaya ba. Yana da wata tsohuwar jar saniya mai karyayyen ƙaho, ita ke gaba. Sai ya kora ta cikin ruwa ya tsaya yana kallon ƙafarta. Inda ta taka ba ta yi jinkiri ba, nan yake kafa turke. Inda ta tsaya ta hura hanci ta kauce, ko da wurin ya yi kyau a ido, ba ya kafawa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki mota ko ɗaya ba ta kafe tsakanin turakunsa ba. Ladansa kuwa, wanda ya ga dama ya sauke masa gishiri ko kanwa don shanu.

Matsala ta fara ne daga aure. Wani direba mai suna Saminu, saurayi mai tsafta da iya canza giya, ya ga Hamsatu 'yar farin Hammadu tana tallan nono a bakin mashigi, ya nema, aka ba shi. Shekarar da aka yi auren Saminu ya ci tsere. Shekara ta zagayo ya sake ci.

Daga nan tasha ta ɗauki ƙus-ƙus. Mu kuwa mutanen tasha, in dai zargi ne, a bar mu da shi. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne yadda Hammadu yake yi da surukin nasa. Idan motar Saminu ta doso mashigi, sai ya juya baya ya kama kallon shanu. Ba ya gaishe shi a gaban mutane, ba ya shiga motarsa, ko sunansa ba ya kamawa, kamar yadda ba ya kama sunan Hamsatu. Yanzu na san kunya ce irin tasu ta Fulani, wadda ta fi tamu tsanani nesa ba kusa ba. Mu ma muna kunyar surukai, amma ba har haka ba. A lokacin sai muka ce ai wannan ɓoye-ɓoyen ya yi yawa, mutum ba ya nuna bai san wani ba har haka sai in akwai abin da suka ƙulla.

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Nuhu, direba mai zafin kai, wanda sau biyu yana zuwa na biyu. Ni kuma abokinsa ne, tare muke cin tuwo a tasha, kuma a shekara ta uku ni aka zaɓa in zama shaidar motarsa.

Ana gobe tsere da hantsi Hammadu ya kafa turakunsa, layi miƙaƙƙe daga wannan gaɓa zuwa waccan. Direbobi shida suka zo suka duba, kowa ya haddace. Da la'asar sai wata mai tuwo ta raɗa mini cewa ta ga Hamsatu ta nufi ruga da ƙwarya a kai. 'Ya ta kai wa ubanta abinci, me ya fi wannan zama daidai? Amma ni da na ji, sai na ce a raina yawwa, ga ɗan aiken nan.

Ranar tsere na fito bayan sallar asuba zan tsallaka zuwa Bukkuyum. Gari ya yi haske na iso mashigi, sai na tarar da Hammadu tsakiyar ruwa, yana tuge turakun jiya ɗaya bayan ɗaya. Na laɓe ina kallo. Ya ɗauke su ya mayar da su sama da wurin da kamar taki talatin, ya yi musu wani lanƙwasa kamar lauje. In gaya muku gaskiya har daɗi na ji, irin daɗin wanda zarginsa ya tabbata. Na fito na tsaya a bakin ruwa.

"Baffa Hammadu, don mi kat tuge turakun jiya?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Nagge ta ƙiya."

"Jiya ta yarda, yau ta ƙiya? Saniyar taka mahwalki tay yi?"

"Ta ƙiya," ya sake cewa, yana danna turke da dutse.

Na ce, "To, Saminu ya san da wanga canji?"

Da jin sunan sai ya kawar da kai, ya juya mini ƙeya, ya ci gaba da aikinsa. Ko uffan bai ce ba. Ni kuma na ɗauki wannan shirun na sa a aljihu a matsayin hujja.

Lissafina ya tafi kamar haka: sabon layin nan tarko ne, zai kai motoci biyar cikin tabo, Saminu kuwa an aika masa ta bakin matarsa ya bi tsohon layi. Da Hammadu ya kora shanunsa ya shige cikin geza, sai na tsinko karan dawa guda uku a gonar da ke kusa, na lalubo ramukan turakun jiya, na kafa ɗaya a wannan gaɓa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a waccan. Na san doka ta hana. Na gaya wa kaina ai gyaran zalunci nake yi.

Na isa gindin kuka ana ɗaure buhuna. Na ja Nuhu gefe na zayyana masa.

Ya ce, "Da idonka kag gani?"

"Da idona. Na tambaye shi ko ya gaya ma surukinai, ya kasa ko kallona."

Nuhu ya ciji leɓe. "Shekara biyu suna muna wanga wasa. Yau sai su ga nawa."

"Ka bar turakunai," na ce. "Ka duba kara ukku, ka bi su miƙe."

Aka busa usur. Kai, yara, ban taɓa jin ƙara irin ta ranar ba. Mota shida suka zabura lokaci ɗaya a kan hanyar da mota biyu ba sa jeruwa. Ina bisa buhuna na rungume ƙarfen bodi, haƙorana suna haɗuwa. Muka ratsa gonakin dawa, kara yana dukan gefen mota, mata a bakin hanya suna guɗa, jakuna suna watsewa. Wata mota ta fasa taya tun ba a je ko'ina ba, wata ta shige gonar gyaɗa. Nuhu ya tuƙa mota ranar kamar ba zai sake tuƙi ba. Da muka fara gangara wa gulbi mu ne gaba, Saminu yana bayanmu har ina iya ganin farar hularsa.

Gaɓa biyu cike da mutane. Nuhu ya sauke giya, ya wuce bakin sabbin turaku bai ko kalle su ba, ya nufi karana na farko. Sai ga Hammadu ya faɗo ruwa da gudu, ya tsaya a gabanmu, ya ɗaga sandarsa sama da hannu biyu yana kaɗawa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar na ji shi yana ihu: "Ba nan ba! Ba nan ba!"

Kun san abin da na gani? Na ga tsoho yana tare mu don surukinsa ya wuce. Na dinga dukan rufin mota ina cewa, "Wuce, Nuhu! Kauce mai ka wuce!"

Nuhu ya murɗa sitiyari ya kewaye shi, ya taka totur. Muka yi tafiya kamar tsawon mota uku lafiya lau, har na buɗe baki zan yi dariya. Sai gaban motar ya nutse lokaci ɗaya, kamar an ja shi daga ƙasa. Na tashi sama na faɗa ruwa, buhu biyu suka biyo ni. Da na yunƙura zan miƙe, ƙafata ta dama ta shige yashi har cinya, na ja, ta ƙara shigewa, gwiwar ta murɗe. Ruwan da nake raina wa iya gwiwa sai ga shi a ƙirjina. Na kira sunan Allah, na kira Inna, ni da gemuna.

Sanda ce ta taɓa mini kafaɗa. Hammadu ne, ya kwanta rub da ciki a kan ruwan don kada shi ma ya nutse, ya miƙo mini ita. "Kama. Kak ka ja ƙahwa, kwanta." Na kwanta, ya dinga ja a hankali har yashin ya sake ni, na bar takalmina a can. Ina kwance a gaɓa ina amayar da ruwa na ga motar Saminu ta bi tsakanin sabbin turaku, ta lanƙwasa yadda suka lanƙwasa, ta haye tudu ruwa na zuba daga bodinta. Sauran motocin ma nan suka bi, babu wadda ta ko yi tangal-tangal. Motar Nuhu kuwa sai da Hammadu ya kawo bijimai huɗu da igiya aka fitar da ita bayan azahar, injin ya sha ruwa, shinkafa ta jiƙe. Daga baya muka ji ashe an yi wani ruwan ƙarshe mai ƙarfi wajen Anka, shi ne ya gangaro ya kwashe yashin tsohon layi kafin safiya.

Za ku ce to ai magana ta ƙare, gaskiya ta fito. Ba ku san tasha ba. Kafin la'asar labari ya sake riga. Aka ce ai wannan shi ne babban makircin: Hammadu ya san Nuhu yana zarginsa, shi ya sa ya tuge turaku da safe, don Nuhu ya ƙi sabon layi ya faɗa tsoho, Saminu ya ci na uku. Ihun da ya yi a ruwa kuwa, wai na ganin ido ne. Ku duba wannan tunani don Allah. Mutum ya yi daidai an ce dabara ce, ya yi gargaɗi an ce dabara ce, ya ceci rai an ce don ya rufe bakin mutane ne. Kuma manya masu furfura suka zauna suna gyaɗa kai.

Bayan kwana biyu sarkin tasha, Alhaji Maiturare, ya tara mu a rumfarsa. Aka kira Hammadu, ya zo ya tsuguna a bakin rumfa da sandarsa, ya zaɓi gefen da ba zai fuskanci Saminu ba. Har wannan ma sai da wani ya taɓa ni ya ce in duba.

Maiturare ya ce, "Hammadu, mutane na hwaɗin kai ka shirya wanga abu don surukinka. Mi za ka ce?"

Ya ce, "Na kahwa turaku inda ƙasa ta da ƙarhi. Wanda yab bi su ya hita."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Saminu ya miƙe zai rantse, aka ce ya zauna, ai shi ne mai cin riba. Nuhu ya yi ta kumfar baki, amma bai ambaci kara uku ba, don ya san in ya ambata shi ma ya taka doka. Karan kuwa mota ta tattake ɗaya, ruwa ya tafi da sauran. Sai Maiturare ya juyo gare ni.

"Dabo, kai na shaida, kai ka bisa mota. Akwai abin da kas sani wanda ba mu sani ba?"

Gwiwata tana ɗaure da tsumma, tana zogi. Magana ɗaya ce za ta wanke tsohon nan: ni na zuga Nuhu, ni na kafa masa alama, ba don haka ba da turaku zai bi kamar kowa. Amma wannan maganar za ta raba ni da kamasho, ta mayar da ni abin dariya daga Gummi har Bukkuyum. Na dubi ƙasa.

Na ce, "Babu, ranka shi daɗe."

Aka yanke cewa tunda zukata ba su kwanta ba, daga bana wani mai kwalekwale, Isa, shi zai riƙa auna mashigi da gora. Ba a ce Hammadu ya yi laifi ba, ba a kuma ce bai yi ba. Ya miƙe, ya yi sallama, ya tafi. Kafin ruwa ya sauka ya tashi rugarsa daga bayan geza, wurin da aka binne cibiyarsa, ya yi gabas da shanunsa. Isa ya yi iya ƙoƙarinsa, amma gora tana gaya maka zurfin ruwa ne, ba ta gaya maka ko ƙasa za ta ɗauki mota. Shekara ta farko mota biyu suka kafe, ta biyu uku. A ta uku direbobi suka ce su dai gara zagaye, tsere ya mutu ba wanda ya yi masa jana'iza.

Shekara bakwai ina ɗauke da abin nan. Sai wata rana na raka lodi kasuwar Anka, na ratsa ta kara, inda ake sayar da dabbobi, na hango shi zaune a inuwa. Ya tsufa ƙwarai, wuyan nan ya ƙara tsawo. Annobar shanu ta bi ta kansa, 'yan tumaki ne a gabansa. Na yi kamar in wuce, ƙafata ta ƙi. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya gane ni nan take, har ya tambayi gwiwa.

Na ce, "Baffa, akwai maganar da ni ka son in gaya ma. Ranar tseren nan, ni niz zuga Nuhu. Ni nik kahwa mai kara a tsohon layi."

Ya dubi tumakinsa. Sannan ya ce, "Na sani. Ina cikin geza sa'ad da kaka kahwa su. Ukku na."

Na ce, "Ka sani? To don mi ba ka hwaɗi ba gaban Alhaji? Da ba a raba ka da mashigi ba!"

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan, kuma wannan ya fi mini ciwo.

"Ni an tambaye ni abin da niy yi, na hwaɗi," ya ce. "Kai ma an tambaye ka, Dabo."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, kuma har yau ba ta sake ni ba. Ya jawo ƙwaryar nono da ke gefensa ya miƙo mini, don ya ga na sha rana. Na karɓa da hannu biyu, na riƙe, na kasa kai ta baki.